Gida Tara Ba Sa Ɗaukar Mutum

A takardar da ɗan wasan Dungeons & Dragons yake cikewa kafin a fara wasa akwai wani ɗan gurbi can sama, kusa da inda ake rubuta suna. A nan ake so ya faɗi ko tauraron da zai hau mutumin kirki ne ko mugu, mai bin doka ne ko mai yamutsa ta. Kalma biyu kacal ake rubutawa. Tauraron bai ce uffan ba tukuna, bai ci amanar kowa ba, bai ciyar da maraya ba, amma an riga an yanke masa hukunci. Shekara hamsin ke nan 'yan wasa suna gardama a kan wannan gurbi, kuma a ganinmu gardamar ta shafi duk wanda ya taɓa zama ya ƙirƙiri mutum a takarda, ko da bai taɓa jefa dayis ba in ban da na ludo.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum huɗu ko biyar ne suke zama kewaye da tebur. Ɗaya shi ne jagora, shi ke riƙe da duniyar labarin, ya ce ga gari, ga daji, ga wanda ya tare hanya. Sauran kowa yana da tauraro guda da yake magana da bakinsa, ya ce zan haura katangar nan, ko zan yi wa mai gadin ƙarya. In abin yana da haɗari sai a jefa dayis, lamba ta raba gardama. Tatsuniya ce da masu sauraro suke da hannu a cikinta, ba wanda ya san ƙarshenta, har shi jagoran. Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da na farko a 1974, daga wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka.

Abin da yawancin masu gardamar suke mantawa shi ne a wancan bugu na 1974 babu alheri babu sharri a cikin gurbin. Sahu uku ne: Doka, Hargitsi, da 'yan ba-ruwanmu a tsakiya. Wasan ya tsiro ne daga wasannin yaƙi da ake yi da 'yan ƙananan sojojin dalma a kan tebur, inda tambayar farko ita ce wace runduna kake ciki. Gygax ya aro rabon ne daga marubuta biyu, Poul Anderson da littafinsa Three Hearts and Three Lions, da Michael Moorcock da labaransa na Elric. A wajen Moorcock kuwa duk wanda ya yi rinjaye gaba ɗaya tsakanin Doka da Hargitsi duniya ce za ta kwana ciki: ɗaya zai daskarar da ita, ɗaya zai narkar da ita. Sahu a lokacin tuta ce. Har yare kowane sahu yake da shi, wanda 'ya'yansa kaɗai ke ji, abin da ba shi da ma'ana in ana maganar halin zuciya, amma yana da ita sarai in ana maganar ƙungiya.

A 1976 ne Gygax ya rubuta a mujallarsu The Strategic Review cewa a ƙara layi na biyu, na alheri da sharri, ya gitta na farko. Zuwa 1978, da littafin Players Handbook ya fito, abin ya zama gida tara, uku sau uku, kamar an yanko kusurwar dara. Mai doka na alheri a wannan lungu, mai hargitsi na sharri a wancan, sauran bakwai a tsakani. Littafin jagora na 1979 ma ya umarci jagora ya riƙa bin diddigin kowane tauraro a kan zane, yana matsar da ɗigonsa gwargwadon ayyukansa, wanda ya tsallaka zuwa wani gida kuma a rage masa matsayi. Daga tuta an koma mizani, jagora ya tashi daga mai ba da labari ya zama alƙalin zukata.

Barden nan mai tsarki da ake kira paladin shi ya fi kowa shan wahalar wannan sauyi. Dole ya kasance mai doka na alheri. Yana fitar da ushirin abin da ya samu, ba ya abota da miyagu, in ya aikata sharri da gangan kuma ya rasa baiwarsa har abada, ya koma soja kamar kowa. Cikin baiwar tasa akwai wadda ta fi damunmu: yana iya gano sharri a tazarar ƙafa 60. Ya tsaya a bakin kasuwa, ya natsu, jagora ya ce masa na uku daga hagu mugu ne. Mai karatu ya duba abin da wannan yake yi wa labari. Duk wani daɗin da ke cikin zargi, da kyautata zato, da yarda da wanda bai cancanta ba, da gano gaskiya bayan an makara, an kwashe shi an zuba a na'urar bincike irin ta ƙofar filin jirgi. Marubucin da ya ba jarumarsa wannan baiwa a babi na farko ba shi da babi na biyu.

Akwai kuma inda abin ya wuce lalata labari. A 1979 Gygax ya fitar da wani shiri mai suna The Keep on the Borderlands, wanda dubban yara suka fara wasan da shi. A cikinsa akwai koguna cike da halittu irin su Ork da Goblin, kuma lissafin mazauna kogunan bai tsaya kan mayaƙa ba, har da mata da 'ya'ya. To an gama faɗa, mayaƙan sun faɗi, ga jarirai a lungu. Littafin dodanni ya riga ya rubuta wa jinsin nan gaba ɗayansa sharri a gurbinsa. Me barde mai tsarki zai yi? Tun daga lokacin ake tafka wannan muhawara, kuma abin ban tsoron shi ne bisa ƙa'idar wasan mai cewa a kashe yana da hujja. In hali zanen dutse ne, kuma an zana shi tun a ciki, barewa ba za ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ba. Duk wanda ya san yadda ake magana a kan wata ƙabila kafin a far mata ya san wannan lissafi, ba sai an fassara masa ba.

Mu da muke rubuta manhaja muna da wata hanya ta kallon wannan matsala. A rumbun bayanai akwai abin da ake ajiyewa a jikin mutum ɗaya, kamar ranar haihuwa ko tsayi. Akwai kuma abin da ba ya ajiyuwa sai an buɗe masa jadawali na daban mai gurbi biyu, wane da wane. Bashi haka yake. Ba a rubuta naira dubu biyar a gaban sunan mutum a yi shiru, sai an ce wa ke bin wa. Sabon shiga a aikinmu yakan tura irin wannan bayani cikin jikin mutum ɗaya don ya huta, manhajar kuma takan yi aiki lafiya har ranar da mutumin ya ci bashi a wuri biyu. Gida tara irin wannan kuskuren ne. Sun ɗauki abin da ke tsakanin mutane sun maƙala shi a goshin mutum guda.

A gwada da Gizo. Duk wanda aka ba allon zai sa shi a layin hargitsi, ya tsaya yana sosa kai tsakanin tsakiya da sharri. Amma ba wannan ke sa yara su kasa barci ba. Ranar da Gizo ya ba giwa bakin igiya, ya ba dorina ɗaya bakin, kowace tana ja tana zaton da shi take ja, muna tare da shi ɗari bisa ɗari, don ƙarami ne ya yi wa manya wayo. Ranar da hankaki suka ara masa gashin fuffuke suka kai shi cin ɓaure ya hana su, jira muke su karɓe gashinsu. Wayon ɗaya ne, haɗamar ɗaya ce. Wanda aka yi wa ne ya bambanta, da abin da ke tsakaninsu kafin a yi.

Wasan da ya fara ɗaukar wannan da gaske, a iya karatunmu, shi ne Pendragon na Greg Stafford, wanda kamfanin Chaosium ya fitar a 1985. Kowa a teburin barde ne a zamanin Sarki Arthur. Babu gurbin sahu. A madadinsa, a bugu na 5, akwai halaye 13 da aka jera bibbiyu, kowane da kishiyarsa: yafiya da ramuwa, kyauta da rowa, gaskiya da yaudara, jinƙai da ƙeta, tawali'u da alfahari, jarumta da ragwanci, da sauransu. Kowane biyu in an haɗa su 20 suke bayarwa. Barde mai jinƙai 14 yana da ƙeta 6, wato ƙetar tana nan, tana jiran ranarta. In abokin gaba ya faɗi yana neman afuwa, ana iya jefa dayis mai fuska 20 a ga wanne zai rinjaya, abin da barden ya aikata kuma yana iya matsar da lambar in shekara ta zagayo. Mutum yakan zama abin da yake yawan yi.

Har nan dai ɗabi'a ce, an dai yanka ta ƙanana. Inda Stafford ya yi fice shi ne abu biyu da ya ɗora a kai. Na farko, wane hali ne abin yabo ya danganta da jama'ar da barden ya fito. Barde Kirista ana yaba masa kan kamun kai da tawali'u. Barde mai bin addinin gargajiyar Birtaniya ana yaba masa kan kishiyoyinsu, sha'awa da alfahari. Su biyun suna zaune a fada ɗaya, kowa mutumin kirki ne a gidansu. Na biyu, akwai wasu lambobi da ba su da ma'ana sai da suna a gabansu: biyayya ga ubangida wane, ƙaunar dangi, ƙiyayyar Sakson, haƙƙin baƙo. In barde ya kira ɗaya daga cikinsu a tsakiyar yaƙi, dayis ya ba shi, ƙarfinsa yakan ƙaru sosai. In ya faɗi ƙwarai yana iya haukacewa ya shiga daji, kamar yadda barade suke yi a tsofaffin labaran. Da wannan ne kawai za a iya buga Lancelot, mutumin da biyayyarsa ga Arthur da ƙaunarsa ga matar Arthur duk sun kai maƙura. A gida tara sai dai a tambaya ko Lancelot na alheri ne ko na sharri, tambayar da Thomas Malory bai ɓata tawadarsa a kanta ba. A Pendragon lambobi biyu ne manya suke kallon juna, kuma ɗan wasan ya san wata rana sai ɗaya ta karya ɗaya.

Wani abin sha'awa, a shekarar da Dungeons & Dragons ya fito, 1974, aka buga laccar Anthony Kirk-Greene kan mutumin kirki a wajen Hausawa, inda ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ana iya yi masa gardama kan lissafin, an kuma yi. Amma a ƙirga nawa ne a cikinsu mutum zai iya yi shi kaɗai a ɗaki. Amana sai da mai ba da ita. Kunya sai da wanda ake jin nauyinsa, kuma wadda ake ji ta suruki daban da ta ɗan fari. Mai karatun Hausa zai fi gane takardar Pendragon da sauri fiye da allon Gygax.

Sai dai kada a yi saurin tafi. Tsarin da ke auna mutum da idon jama'a yana da nasa ramin, kuma Legend of the Five Rings ya faɗa ciki tun bugunsa na farko a 1997. Duniyarsa Rokugan ce, ƙasar samurai da aka ƙera da kayan Jafan da ɗan na Sin. Tauraro yana da lambar daraja, da ta suna, da ta muƙami. A ka'ida uku ne daban. A tebur kuwa daraja takan koma alheri da aka sauya wa riga: mai daraja da yawa shi ne na kirki, mai kaɗan shi ne abin zargi. To darajar wa? A Rokugan talakawa manoma rabin mutane ake kiransu, masu wankan gawa da masu jima kuwa ba a lissafa su cikin mutane sam. Samurai zai iya sare ɗaya daga cikinsu doka ba ta ce masa komai ba, amma ya taɓa gawa da hannunsa ya ƙazantu. Ana cewa shaidar duniya ita ce ta lahira, amma a nan fada kaɗai aka kira shaida. Ga shi kuma ita kanta ƙa'idar bushido da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya, yawancin abin da Turawa suka sani game da ita ya biyo ta littafin da Nitobe Inazo ya rubuta da Turanci a wajajen 1900, bayan an riga an rushe ajin samurai. Wasan ya ɗauki hoton da masu mulki suka zana wa kansu ya mai da shi ma'auni.

Bugun 2018 ya gyara wannan ta hanyar da ta burge mu. Kowane ɗan wasa zai rubuta abu biyu: giri, wato abin da ubangidansa ya ɗora masa, da ninjo, wato abin da zuciyarsa take so. Ana so su yi karo. Dayis ɗin wasan kuma suna da wata alama da ke tara wa tauraro damuwa ko da ya yi nasara, in ta taru ta fi ƙarfin natsuwarsa sai fuskar da yake nuna wa fada ta faɗi: ya fashe da kuka, ko ya zagi wanda ba a zaga, ko ya faɗi abin da ya shekara goma yana haɗiyewa. Wasan bai ce giri ne daidai ba, bai ce ninjo ba. Ya dai tabbatar ba za a iya riƙe duka biyun ba tare da an ji jiki.

Na baya-bayan nan da yawa sun bi wannan hanya har ƙarshenta. A Blades in the Dark na John Harper, 2017, 'yan wasa gungun ɓarayi ne a wani birni mai duhu, kuma abin da ake rubutawa shi ne matsayinsu da kowace ƙungiya a birnin, daga 3 ƙasa da sifili, wato yaƙi, zuwa 3 sama, wato ƙawance. Ka taimaki wannan ka ɓata da wancan. A Monsterhearts na Avery Alder, 2012, abin da ake tarawa zare ne a kan mutane, wato abin da ka riƙe na wani da za ka iya ja ranar da kake bukata. Suna aiki, suna haifar da labari a kowane zama. Amma in an daɗe ana buga su akan ji wani sanyi. Komai ya zama ciniki. Kisan da ba wanda ya gani, na mutumin da ba shi da kowa, kusan kyauta ne a jadawalin, don ba wata ƙungiya da za ta ɓata rai. Ramin Rokugan ne dai aka sake haƙawa da wani magirbi.

Shi ya sa ba mu tare da masu cewa a share ɗabi'a daga takarda gaba ɗaya. Kamfanonin dai sun yi ta ja da baya. Bugu na 4 na Dungeons & Dragons a 2008 ya rage gidajen zuwa biyar. Na 5 a 2014 ya maido da tara amma ya zare musu haƙora: barde yanzu rantsuwa yake ɗauka, ita ake kama shi da ita, sihirin gano sharri kuma ya koma gano aljanu da matattu masu yawo, ya bar zukatan mutane. A 2020 kamfanin Wizards of the Coast ya fito ya amsa cewa yadda aka daɗe ana siffanta Ork da wasu jinsuna ya yi kama da yadda ake ƙasƙantar da al'ummu na gaske, zuwa 2024 kuma Ork ya shiga jerin waɗanda ɗan wasa zai iya hawa a babban littafin. Pathfinder, babban abokin hamayyarsu, ya cire sahu ɗungurungum a 2023, ya sa abin da tauraro ya wajabta wa kansa da abin da ya haramta wa kansa. Duk gyara ne mai kyau, amma yawancinsa cirewa ce. Gurbin kuma yana nan a takardar Dungeons & Dragons, muna zaton don yana da arha: jagoran da ke juya dodanni ɗari yana bukatar kalma biyu da za su gaya masa wanne zai karɓi cin hanci, wanne zai cika alkawari. Ga dodon da zai rayu minti goma wannan ya isa.

Wanda ya nuna yadda ɗabi'a za ta zauna a takarda ba tare da ta zama tambari ba shi ne Vampire: The Masquerade na Mark Rein-Hagen, 1991. 'Yan wasa masu shan jini ne, dā mutane ne, kuma suna da lamba ɗaya daga 10 zuwa sifili da ake kira mutuntaka. Yawanci daga 7 ake farawa. Gangara ce. Mai lamba babba ƙaramin laifi yana girgiza shi, wanda ya gangaro ƙasa kuwa sata ba ta ƙara motsa shi, sai kisa, daga baya ma kisan sai ya yi muni ƙwarai. In ta kai sifili jagora ya karɓe takardar, don babu sauran wanda za a hau. Lambar ba ta ce kai wane ne ba, tana ƙirga abin da ya rage ne.

A bugun 2018 sai suka ƙara abin da ya haɗa zaren biyu. Kowane tauraro zai rubuta aƙida ɗaya zuwa uku da yake riƙe da su, irin su ba na taɓa yara, ko ba na barin wanda ya dogara da ni. Kowace aƙida kuma dole a ɗaura ta a jikin wani mutum mai rai, mai suna, mai unguwa: tsohuwar malamar firamare da har yanzu take gyara littattafan yara a baranda, ko ƙane da bai san yayansa ya mutu ba. In wani abu ya sami mutumin nan mutuntakar tauraro tana tabo, in ta hannunsa abin ya biyo tabon ya fi yawa. In mutumin ya mutu, aƙidar da aka ɗaura masa tana iya bin sa. Maƙiyan tauraro sun san da haka, jagora ma ya sani, kuma yunwa tana tashi kowane dare.